Ba kowane mai leƙe ne ɗan leƙen asiri ba

Wata Lahadi bayan sallar isha'i ina zaune a shagon cajin waya na ƙanena, yara sun cika benci suna kallon wani fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa. Mutum uku ne ke riƙe da labarin. Na farko ma'aikacin gwamnati ne da aka tura wata ƙasa da sunan ɗan kasuwa. Na biyu direba ne ɗan can, wanda ake ba shi kuɗi yana kawo labari. Na uku babba ne a ofishin da ya tura na farkon, shekara da shekaru yana sayar da abokan aikinsa. Mai fassarar ya kira su duka ukun da suna ɗaya: ɗan leƙen asiri. Da aka zo wurin da asirin babban ya tonu, ɗan ƙanena ya juyo ya ce, "Baffa, ai dama an ce shi ma ɗan leƙen asiri ne, to mene ne laifinsa?" Yaron ya yi gaskiya. Fassarar ce ta cinye masa daɗin labarin.

Wannan ɗabi'a ta yaɗu, a fassarar fina-finai da shafukan labarai na intanet har da littattafan hikaya. Duk inda aka ci karo da spy ko agent ko informant ko mole, sai a jawo riga ɗaya a zura musu. Ina ganin hasara ce babba, domin waɗannan kalmomi ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma Hausa ba ta rasa abin da za ta bambanta su da shi ba.

Kalmar spy ta shigo Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, asalinta kuwa dubawa ko lura. Har yau Bature kan yi amfani da ita idan ya hango abu daga nesa. Sai dai a kan mutum tana da ɗan wari. Gwamnati ba ta cika kiran nata mutanen da ita ba, na abokan gaba ake liƙa wa. Dokokin yaƙi na Hague na 1907 ma sun yi mata iyaka: wanda ya nemi labari a ɓoye ko da yaudara shi ne spy, amma sojan da ya shiga yankin abokan gaba sanye da kakinsa ba ya cikin wannan suna. Bambancin ya shafi rai, domin na biyun fursunan yaƙi ne in an kama shi, na farkon kuwa ana iya gurfanar da shi a yanke masa hukunci.

Inda masu fassararmu suka fi zamewa shi ne kalmar agent. A bakin masu kallon fim, agent shi ne gwarzon da ke riƙe da bindiga, irin James Bond da Ian Fleming ya ƙirƙiro a 1953. A bakin masu sana'ar kuwa, kamar CIA ta Amurka da MI6 ta Ingila, ma'aikacinsu mai albashi officer ne, wato jami'i. Agent shi ne mutumin wata ƙasa da jami'in ya shawo kansa, da kuɗi ko da aƙida ko da barazana, yake kawo masa labarin gidansu. Hausawa sun riga kowa fahimtar wannan, tun da suka ce da ɗan gari akan ci gari. Jami'i baƙo ne, agent shi ne ɗan garin. Abin da ya ƙara dagula lamarin, hukumar FBI tana kiran nata ma'aikatan special agent, don haka dole mai fassara ya duba bakin wa kalmar ta fito kafin ya taɓa ta.

Sai mole, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. Sunan wata 'yar dabba ce mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, marubuci John le Carré ne ya yayata ta da wannan ma'ana a littafinsa na 1974. Ana nufin wanda tun farko zuciyarsa na wajen abokan gaba, ya shiga hukuma ya yi ta hawa matsayi yana rarake ta daga ciki. Kim Philby shi ne misalin da kowa ke kawowa. Tarayyar Sobiyet ta ɗauke shi a 1934, ya shiga MI6, har aka ba shi shugabancin sashen da ke yaƙar leƙen asirin Sobiyet ɗin kanta. A 1963 ya sulale daga Beirut zuwa Mosko, can ya mutu a 1988. Ka kira irin wannan ɗan leƙen asiri kawai, ka bar cin amanar a baya, alhali cin amanar ita ce labarin. Bahaushe bai san waccan dabba ba, amma ya san gara. Ya san azarar da za ka gani lafiya lau daga waje, ka taɓa ta ta ruguje. Da mai fassarar nan ya ce "akwai gara a gidan nan", da yaran bencin sun gane nan take. Double agent kuwa mai baki biyu ne, kuma ba kullum ne mugu ba: Juan Pujol ɗan Sifen ya yi ta ciyar da Jamusawa ƙarya a 1944 game da inda sojojin ƙawance za su sauka a Faransa.

Muna da namu kalmomin a ajiye. Akwai ɗan rahoto, wanda ke kai wa hukuma maganar unguwa. Akwai magewayi, wanda ake turawa ya gewaya ya dubo sansanin abokan gaba kafin yaƙi. Akwai ɗan sandan ciki. Ma'aikatan DSS kuwa mutane da kansu suka raɗa musu jami'an farin kaya, kuma tun 1986 da aka raba tsohuwar hukumar tsaro ta NSO gida uku aikinsu na cikin gida ne, na waje kuma na hukumar NIA. Malamai suna da tajassusi, bin diddigin sirrin mutane da Suratul Hujurat ta hana. Kowace kalma tana gaya maka wa mutumin ke yi wa aiki, kuma wa yake cuta.

Wani zai ce ai fim nishaɗi ne, kuma mai fassara yana tsere da motsin bakin jarumi, ba shi da sararin dogon bayani. Na yarda da matsin. Amma "jami'i" da "ɗan rahoto" da "gara" duk sun fi "ɗan leƙen asiri" gajarta.

A labarai ne abin ya fi damuna. Lokacin da Edward Snowden ya fallasa shirin sa ido na hukumar NSA a 2013, gwamnatin Amurka ta tuhume shi da dokar leƙen asiri ta 1917, masu goyon bayansa kuma suka kira shi whistleblower, wato mai kwarmato. Ɗan jaridar da ya rubuta "ɗan leƙen asiri Snowden" ya riga ya ɗauki ɓangare ko da bai yi niyya ba. Mu nan kuma mun ga nauyin da suna ke da shi. A ƙauyukan Zamfara da Katsina, kalmar infoma ta zauna daram a bakin mutane, ana nufin mai tsegunta wa 'yan bindiga wa ya sayar da shanu, yaushe sojoji suka bar gari. Wanda aka kira da wannan suna a kasuwa, ko da ƙazafi ne, yana iya rasa ransa kafin a bincika. Mutumin da ya kai wa jami'an tsaro labarin maɓoyar ɓarayi shi ma a Turance informant ne. Wanda ke zaune a gaban kwamfuta yana juya rahoto cikin gaggawa, in ya ba su suna ɗaya, ya haɗa mai ceton gari da mai sayar da shi a layi guda, kuma wannan rubutun za a karanta wa mutane a waya a dandalin ƙauyen da su biyun suke zaune.