Rantsuwar Hirudus: Inda Markus Ya Fi Oscar Wilde

Labarin kisan Yahaya Maibaftisma, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, bai wuce ayoyi 16 ba a babi na 6 na Linjilar Markus. Duk da haka mawallafa sun daɗe suna ɗiba daga cikinsa. Wanda ya fi shahara shi ne wasan kwaikwayon Salome na Oscar Wilde, wanda aka buga da Faransanci a 1893. Na karanta su biyun, kuma a ganina Wilde ya ƙawata labarin ya zubar da gishirinsa.

Wilde ya ɗora laifin a kan yarinya. Ta nemi Yahaya da soyayya, ya ƙi ta, sai ta nemi kansa. Mai karatu zai kaɗu, amma ba zai ga kansa a ciki ba, domin wa zai ce halinsa ɗaya da nata?

Markus kuwa ko sunan yarinyar bai kama ba. A littafin ɗan tarihin nan Yosefus aka samo shi. Idonsa na kan Hirudus Antibas, mai mulkin Galili. Ya nuna mana mutumin da ya san Yahaya adali ne, yana tsoronsa, har yana jin daɗin wa'azinsa, ko da yake ya ɗaure shi don ya tsawata masa kan auren Hirudiya, matar ɗan'uwansa. Ranar bikin haihuwarsa, a gaban hakimai da manyan sojoji, rawar 'yar Hirudiya ta ɗauke shi, ya rantse zai ba ta ko da rabin mulkinsa. Ga wauta nan: ƙasar a hannun Romawa take, shi riƙo kawai yake yi.

Uwar ta ce a nemi kan Yahaya. Yarinyar ta ƙara nata, a kawo shi nan take, kuma a cikin tire, kamar wani abincin biki. Ran Hirudus ya ɓaci ƙwarai, amma ya dubi baƙinsa. Da a ce ya janye magana, gara jinin mutumin Allah ya zuba.

A nan mahangar Kiristanci ta fito. Mugunta ba dole sai daga baƙar zuciya take tasowa ba. Wauta ta buɗe baki, girman kai ya hana a rufe shi, wani ya biya da ransa. Mafita ɗaya ce, tuba, wato ainihin abin da Yahaya yake kira a kai. Hirudus ya sha jin wa'azin, amma furta "na yi kuskure" a gaban jama'a ya gagare shi. Markus ya maimaita wannan hoto a babi na 15, inda Bilatus ya ba da Yesu don ya faranta wa taro rai.

A aikina na rediyo na sha ganin baƙo ya yi suɓul da baka a kan wani, a ba shi damar gyarawa, ya ƙara nanatawa don kunyar masu sauraro. Shi ya sa Hirudus na Markus ya fi tsoratar da ni.

Yosefus ya ce daga baya Hirudus ya tafi Roma neman cikakkiyar sarauta bisa zugar Hirudiya, aka tuɓe shi a shekara ta 39, aka kore shi zuwa ƙasar Gaul. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya.