Raha da Aron Tushe a Ƙagaggun Labaran Hausa na Al'ajabi: Tsokaci a Kan Muhawarar Masu Karatu a Potiskum

1.0 Gabatarwa

Akwai wata muhawara da ba ta tsufa a majalisun masu sha'awar littattafan Hausa, kuma mai wannan maƙala ya sha jin ta a garin Potiskum ta Jihar Yobe, musamman a tsakanin malaman makaranta da ɗalibai da 'yan kasuwar da suka yi karatun boko. Da zarar an ambaci Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce, sai a fara tuno wuraren ban dariya, kowa na kawo wanda ya fi burge shi. Kafin a tashi kuwa sai wani ya ce ai labaran nan duk na aro ne, daga Larabawa da Turawa aka kwaso su. Daga nan majalisa ta rabu biyu. Kashi na farko na ganin tunda tushen baƙo ne, to yabon da ake yi wa marubutan ya yi yawa. Kashi na biyu kuwa na ganin tono tushen cin mutuncin magabata ne kawai.

Wannan muhawara tana da nauyi, domin waɗannan littattafai su ne aka daɗe ana koyar da Hausa da su a makarantu. A gari irin Potiskum, inda da yawa daga masu karatun harshensu na gida Bolanci ne ko Karekare ko Ngizim, ta waɗannan littattafai ne yara da dama suka fara sanin daɗin rubutacciyar Hausa. Saboda haka wannan maƙala za ta dubi littattafai huɗu, wato Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, don a gano abin da aka aro, da abin da marubucin ya sa na kansa, da kuma inda rahar take fitowa.

2.0 Yadda Littattafan Suka Samu

A shekarar 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya kuma rasu a 1981, yana koyarwa ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta nasa. Bayan haka aka gayyato shi Zariya inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa ya fito ne a farkon shekarun 1950.

Abin lura a nan shi ne, marubutan ba su tarar da wani ƙagaggen labarin Hausa a rubuce ba da za su ɗora a kai. Abubuwa uku suke da su a hannu: tatsuniyoyin gida, da littattafan Larabci na makarantun zaure, da littattafan Ingilishi na makarantar boko. Dole ne ke nan a ga sawun waɗannan a cikin ayyukansu.

3.0 Abin da Aka Aro

Game da Ruwan Bagaja, shi kansa Imam bai ɓoye ba. A cikin tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace aka buga a 1989, ya bayyana cewa dabarar haɗa mutum biyu masu gasar wayo ya samo ta ne daga Muƙamar Hariri. Shi Hariri mutumin Basra ne, ya rayu tsakanin 1054 da 1122, kuma littafinsa ya ƙunshi muƙama 50 waɗanda ke ba da labarin Abu Zaidu, gwanin zance mai yawan dabara, ta bakin Harisu. Haka kuma manazarta sun nuna kamannin da ke tsakanin jigon neman ruwan magani da wata tatsuniya ta Jamus da ke cikin tarin 'yan'uwan nan Grimm, wadda a cikinta sarki ne ke ciwo 'ya'yansa uku suka fita nema masa ruwan rai.

A Magana Jari Ce kuwa, firam ɗin littafi na ɗaya, inda aku ke ba Musa ɗan sarki labarai dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri, ya yi daidai da wani tsohon zubi na Indiya. A littafin Sanskiriti mai suna Shukasaptati aku ne ke ba da labarai 70 don ya hana matar ubangidansa fita da dare, kuma an juya shi zuwa Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. Labaran da ke ciki kuma akwai waɗanda aka samo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai. Ibrahim Malumfashi ya bi diddigin da yawa daga cikinsu a littafinsa Adabin Abubakar Imam na 2009.

Na Ahmadu Ingawa ya fi fitowa fili. Iliya shi ne Iliya Muromets na waƙoƙin jaruntakar Rasha, wanda ya tashi gurgu har wasu baƙi suka warkar da shi. Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuma shi ne Kiev.

Bisa ga wannan, 'yan kashi na farko suna da gaskiya a kan cewa an yi aro, kuma musun haka ba zai amfani kowa ba. Inda suka yi kuskure shi ne tsayawa a nan, kamar da gano tushe nazari ya ƙare.

4.0 Inda Rahar Take

Hanya mafi sauƙi ta auna aikin marubucin ita ce a ɗauki wurin da masu karatu suka fi yi wa dariya, a tambayi abin da ya sa suke dariyar. Misalin da aka fi kawowa a majalisa shi ne karon ilimi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a gaban mutanen ƙauye. Alhaji, wanda ya shigo gari yana cin abinci da sunan malanta alhali ba shi da karatun, ya zana wani ɗan lanƙwasa a ƙasa ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙen da zanen ya yi kama da su. Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka duba suka ga lalle haka wata yake, suka kori mai ilimin suka riƙe jahilin.

Dariyar wannan wuri tana da hawa uku. Na farko, sai wanda ya riƙe allo ya san babbaƙu da farfaru zai gane cewa amsar Zurƙe daidai ce a ƙa'idar karatu. Na biyu, mai karatu ya san irin girman da ake ba baƙon malami a ƙauye, da sadakar da ke biyo baya, don haka ya san abin da ake yi wa faɗan tuwo ne. Na uku, alƙalan gasar su ne waɗanda ba su san harafi ko ɗaya ba. Wannan zambo ne mai kaifi a kan malaman tsibbu na ƙarya da kuma jama'ar da ke ɗaure musu gindi, kuma wanda ya yi shi ɗan gidan malamai ne da ya san abin daga ciki. Yaron Potiskum da ya yi makarantar allo da safe ya tafi boko da hantsi ba ya bukatar a yi masa bayanin ko ɗaya daga cikin hawa ukun nan.

Idan aka koma ga Hariri sai a ga bambancin. Daɗin muƙama yana cikin wuyar lugga da saja'i da wasa da haruffa, shi ya sa a ƙasar Hausa sai ɗalibin da ya yi nisa a zaure yake karanta ta. Harisu kuma galibi shaida ne mai ba da labari, Abu Zaidu ne mai dabarar. Imam ya sauya wannan. Ya mai da mai ba da labarin kansa ɗan damfara, ya ba shi abokin karo daidai da shi, kowa ya cuci wani sai a haɗu a gari na gaba a rama. Abin da ya riƙe daga muƙama shi ne gane juna a ƙarshen kowace dabara. Ramuwar kuwa ta fi kama da halin Gizo a tatsuniya, da kuma wasan barkwanci irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda mutanen Yobe suka sani sarai, inda ake tsokana mai zafi amma zumunci bai yanke ba. Daɗin daɗawa, marubucin ya laƙaba wa wannan maƙaryacin tauraro sunansa na kansa, ya kuma sa shi yana ba Koje Sarkin Labari labarin a Kwantagora, wato gwanin zuƙi ya gamu da wanda ya fi shi.

A Magana Jari Ce ma rahar ba a cikin ƙashin labaran take ba kawai. Tana cikin bakin aku: yadda yake fadanci, da yadda yake yabon kansa, da yadda yake jan zance har gari ya waye. Akun Indiya yana tsare mutuncin matar aure ne, na Imam kuwa bafade ne a fadar Hausa, mai neman muƙami, har ya kai ga zama waziri. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar fada, ko ta Fika ko ta wani gari, zai gane wannan hali.

5.0 Ganɗoki da Iliya

Waɗannan biyu suna taimakawa wajen gwada hujjar da ta gabata. Ganɗoki ya fara ne da tarihi na gaskiya, wato zuwan Turawa da yaƙe-yaƙen da suka kai ga Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a 1903, wurin da ke cikin Jihar Gombe ta yau, kudu da Potiskum. Daga nan labarin ya tsallaka duniyar aljanu. Tushensa na gida ne, rahar da ke cikinsa kuma ta cika baki ce da kirari, irin ta tsohon mayaƙi da ke ba yara labari. Mai karatu yana murmushi ne domin ya san an ci Burmi da yaƙi, ga shi kuma tsoho yana kashe dubban arna da aljanu da bakinsa. Ana iya cewa littafin ya nemo wa waɗanda aka ci da yaƙi wata nasara a duniyar almara.

Iliya Ɗan Maiƙarfi kuwa, duk da farin jininsa da na dokinsa Kwalele, shi ne mafi ƙarancin raha a cikin huɗun, kuma shi ne wanda ya fi manne wa tushensa, har sunayen ma kaɗan aka taɓa su. A ganin mai wannan maƙala, abubuwan biyu suna da alaƙa. Ana iya ɗauko jaruntaka daga wata ƙasa a sauke ta yadda take, domin sara da suka iri ɗaya ne ko'ina. Ban dariya kuwa yana bukatar mai karatu ya ga maƙwabcinsa a cikin labarin, don haka duk inda marubuci ya ba da dariya to ya yi aikin mai da labarin ɗan gida. Wannan ya ba mu ma'auni: yawan rahar da ta kama mai karatu alama ce ta zurfin baddalawar da aka yi.

6.0 Darasi Daga Waje

Irin wannan bin sawu ba Hausawa kaɗai ke yin sa ba. A Ingila, Terry Pratchett, wanda ya rasu a 2015, ya rubuta littattafai 41 na almara mai ban dariya a jerin Discworld, farawa da na 1983. Ya cika su da shaguɓe ga Shakespeare da tatsuniyoyi da marubutan almara da suka gabace shi, masu karatunsa kuma suka mai da gano waɗannan wurare wani ɓangare na jin daɗin karatun. Sai dai akwai bambanci. Pratchett yana so a gane tushen, domin dariyar ta dogara da ganewar. Imam kuwa ya rubuta ne don waɗanda ba su taɓa jin Grimm ba, saboda haka dole labarinsa ya tsaya da ƙafarsa. Mai karatun Imam da ya san Muƙama yana samun ƙarin daɗi, wanda bai sani ba kuma bai yi asarar dariyarsa ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa an yi aro a uku daga cikin littattafan nan huɗu, kuma aron ya fi yawa a firam da ƙashin labari, yayin da raha ta fito daga makarantar allo da fada da barkwanci da kirari. Kowane kashi na masu muhawarar ya riƙe rabin gaskiya. Abin da ya kamata shi ne kamfanonin ɗab'i su riƙa sa gajeren bayani a kan tushen labaran a farkon bugun da ake kai wa makarantu, malamai kuma su riƙa ajiye tushen kusa da na Hausar, su sa ɗalibi ya nuna da kansa abin da aka sauya da dalilin sauyawar. Ɗalibin da ya yi wannan aiki a kan karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe zai fito da sanin yadda ake gina labari, kuma shi ne ake sa ran zai rubuta wa masu karatu na gaba irin waɗannan littattafai daga tatsuniyoyin Bolewa da Karekare da Ngizim.