Talaucin fim riga ce, ana gama wasa a tuɓe

Duk majalisar da ka zauna a 'yan shekarun nan, ko ta masu shayi ce ko ta 'yan ƙwallo, hirar ba ta wuce minti goma sai ta gangaro kan kuɗi. Nawa mudu? Nawa lita? Nawa makaranta ta ƙara a zangon nan? Wa ya fasa aure saboda kayan ɗaki sun gagara? Wannan ita ce hirar gari. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa in ka kunna fim ɗin Hausa mai dogon zango, sai ka rantse a wata ƙasa daban ake shirya shi?

Bari mu tuna abin da ya faru. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin fasalin Naira, magidanci da kuɗinsa a banki amma ya kasa yin cefane. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A shekarar 2024 ɗin mutane suka koma cin afafata, shinkafar da a da masu casa ke warewa gefe. A watan Yuli aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, kuɗin da a lokacin ba ya sayen buhun shinkafa guda. Ranar 1 ga Agusta matasa suka fito zanga-zangar yunwa, har aka sa dokar hana fita a Kano. To mai karatu, cikin finafinan da ka kalla a wannan tsakanin, guda nawa ne ka ga maigida ya tsaya yana lissafin kuɗin cefane?

Ba wai babu talaka a finafinanmu ba ne. Akwai shi, har ya yi yawa. Matsalar ita ce irin talakan. Ɗauki Labarina na Malam Aminu Saira, labarin Alhaji Mainasara wanda Sadiq Sani Sadiq ya fito a ciki. Attajiri ne ya ɓad da kama, ya koma talaka domin ya gane wadda za ta so shi don Allah. Maganar gaskiya an yi aiki: hoto ya fita, sauti ya fita, Sadiq kuma ya nuna shi tsohon hannu ne. Amma ka lura da abin da labarin yake yi wa mai kallo. Tun daga farko mun san akwai dukiya a ɓoye, don haka duk wulaƙancin da aka yi wa jarumin ba ya yi mana ciwo, daɗi ma yake mana, muna jiran ranar da asiri zai tonu masu raini su ji kunya. Darasin da yarinya za ta tashi da shi ba "ki mutunta talaka don mutum ne" ba ne. Darasin shi ne "ki yi hattara, wataƙila mai kuɗi ne." Haba jama'a! Ashe ko a wajen kare talaka sai an jingina da aljihun mai kuɗi?

Kuma wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, gado ne. Tun zamanin kaset, a Sangaya, me ya fitar da Zubaina daga wahalar aikatau in ba auren ɗan sarki ba? Haka aka taho. Ko dai a gano yaron nan ɗan wani hamshaƙi ne da aka sace tun yana jariri, ko wasiyya ta ɓullo, ko wani Alhaji ya ga yarinya a hanya ya taka birki. Talaucin fim riga ce, ana gama wasa a tuɓe ta. Na gaske kuwa fata ne, da shi ake kwana da shi ake tashi.

Masu karatun littafi sun san ana iya yin abin da ya fi haka. Ku koma ga Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, ya tsuke wa iyalinsa hannu, ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Marubuciyar ba ta tsaya a kuka da tagumi ba. Ta bi Rabi ta nuna mana yadda ta kama sayar da abinci, yadda 'yan'uwa suka tallafa, yadda ake haɗa taro da sisi a riƙe yara a makaranta. Kuɗi a littafin nan kamar ɗan wasa ne mai zaman kansa, kana ganin shigarsa da fitarsa. Gaskiya ne ita ma ta aurar da Saudatu ga mai hali, ba ta kuɓuta gaba ɗaya daga wancan gadon ba. Amma kafin a kai nan mai karatu ya riga ya san nauyin tukunyar Rabi. Shi ya sa littafin ya haura shekara talatin ana maganarsa, har aka fassara shi zuwa Ingilishi a 2012.

A talbijin ma an gwada. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya samu karɓuwa ne saboda mutane sun ga unguwarsu a ciki: mai shayi, almajiri, ɗan gudun hijira, da rigimar Kamaye da Adama wadda rabinta a kan abin sawa a baka ne. Kwana Casa'in, da ya fara a 2019, ya ƙirƙiro jihar Alfawa ya nuna yadda abin da gwamna ya yi a ofis yake zuwa ya samu mara lafiya a gadon asibiti. Babu wanda ya ce waɗannan ba su yi kasuwa ba.

To me ya hana sauran? Na farko kasuwa ce. Tun da kaset da faifai suka mutu, furodusa ya koma dogaro da YouTube da tashoshi da masu ba da talla. Abin da ake biya shi ne yawan masu kallo da tsawon zamansu, don haka labarin awa biyu sai a ja shi zango biyar, kuma hoton gidan bene da mota mai sheƙi ya fi saurin jawo yatsa ya danna. Mai tallar fili ko turare ma ba ya son hajarsa ta biyo bayan fitowar da aka nuna yara sun kwana da yunwa. Na biyu tsoro ne. Wanda ya ce zai nuna dalilin tsadar mudu, dole ya taɓo masu mulki, 'yan fim kuwa ba su manta da ɗaurin da aka yi wa Adam A. Zango a 2007 da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008 ba. Ko a watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai mata su ta duba ba kafin a saka. Wanda aka taɓa rufe wa shago, lallaɓawa yake. Ga kuma wasu manyan industiri da suka karɓi muƙamai a gwamnati. Bakin da ya ci, ai shi ke godiya.

Akwai hujjar da 'yan fim ke yawan kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mutumin da ya wuni a layin mai bai sayi data don a sake nuna masa layin mai ba, hutu yake nema. Na yarda. Amma wa ya ce labarin talaka dole sai ya zama na kuka? Marigayi Rabilu Musa Ibro ya shekara da shekaru yana ba mutane dariya da ɗan kuturun wayon mai neman na tuwo: mai gadi, direba, mai bashi yana ɓuya. Mutane sun yi dariya ne don sun gane kansu. Samanja da Karkuzu ba su taɓa buƙatar gidan bene ba.

Abin da ake nema wurin marubutanmu ba wa'azi ba ne, ba kuma zagin gwamnati ba. Lissafi ne kawai. In ka ce jaruminka malamin firamare ne, ka san albashinsa, ka san kuɗin hayarsa, ka san ranar da shinkafa ke ƙarewa a gidansa. Ka bar shi ya nemi aure da wannan albashin, ka bar uwar yarinya ta yi fargabar kayan ɗaki ba tare da ka mai da ita muguwa mai kwaɗayi ba, domin fargabarta gaskiya ce. In za ka fitar da shi, ka fitar da shi ta ƙofar da mai kallo ma zai iya bi, ba ta wasiyyar kakan da ba a taɓa jin labarinsa ba.

Nan da shekara ashirin wani yaro zai nemi sanin yadda iyayensa suka rayu a shekarar afafata. Zai buɗe finafinanmu ya tarar da falo mai kujeru na alfarma, da Hajiya tana kuka a kan kishiya. Ranar nan ba hukumar tacewa za a tuhuma ba. Masu alƙalami za a tambaya: kuna ina?