Sharhi Kan Fassarar Umarnin Fareti "About Turn" Cikin Darasin Hausa

Kalmomin soja na cikin tsofaffin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi. Tun daga rundunar Hausawa da Glover ya kafa a Legas a 1863, har zuwa rundunar Afirka ta Yamma da aka ɗora wa Lugga alhakin kafawa a 1897, harshen Hausa ya daɗe a bariki. Daga nan muka sami fareti da maci da kofur da samanja. Sai dai umarnin "about turn" bai sami tsayayyar fassara ba, ga shi kuwa ɗalibai suna jin sa a filin maci.

Ma'anar umarnin ita ce soja ya juya ta hannun dama, digiri 180, ya fuskanci inda ƙeyarsa take a dā, ba tare da ya bar sahu ba. Masu fassara sukan ce "juya baya". Wannan fassara tana da rauni ta fuska biyu.

Na farko, ta fuskar ma'ana. A wurin Bahaushe, wanda ya juya wa mutum baya ya yashe shi ne, wanda kuwa ya juya baya a fagen fama ya gudu ne. Alhali sojan da aka ba wannan umarni biyayya yake yi. "Ja da baya" ma ba ta dace ba, domin mai ja da baya yakan bar gurbinsa, fuskarsa kuma ba lallai ta sauya alƙibla ba.

Na biyu, ta fuskar tsari. Umarnin fareti kashi biyu ne: na gargaɗi, wanda ake ja, da na zartarwa, wanda ake faɗa a gajarce da ƙarfi. Idan aikatau ya zo farko, ɗalibi zai motsa kafin ya ji inda ake so ya dosa, sahu ya wargaje.

Saboda haka muna ba da shawarar a gabatar da alƙibla a jinkirta aikatau: "Baya, juya!", "Dama, juya!", "Hagu, juya!" Nahawun Hausa ya yarda da irin wannan gabatarwa.

Idan kuwa sauya matsayi ake nufi, kamar a siyasa, ba a bukatar aro. Hausa tana da "mi'ara koma baya" da "yin amai a lashe". Ya kamata manhaja ta bambance wa ɗalibai waɗannan ma'anoni.