Akta, Bos da Makunni: Labaran Tawaye ga Mulkin Na'ura a Idon Ɗan Kan Iyaka

A fim ɗin Star Wars na farko, wanda George Lucas ya fitar a 1977, wata daular zalunci ta ƙera makami mai girman ƙaramin wata, wanda harbinsa ɗaya ke tarwatsa duniya sukutum da mutanen cikinta. 'Yan tawaye suka sace zanen ginin, suka gano wata kafar fitar da zafi mai faɗin mita 2 kacal. Wani saurayi da ya tashi a gonar baffansa cikin hamada ya tuƙa ɗan ƙaramin jirgi, ya zura bam ta wannan kafa, makamin ya yi bindiga. Aka raba lambobin yabo, aka tashi.

Wannan shi ne ƙashin bayan mafi yawan ƙagaggun labaran kimiyya da suka shafi tawaye: azzalumi mai na'urar da ba ta da na biyu, kafa guda a jikin na'urar, da zaɓaɓɓe guda da zai gano ta. A The Terminator na 1984 na'urorin ne da kansu suka ƙwace mulki, suna farautar uwar yaron da zai kayar da su tun kafin ta haife shi. A The Matrix na 1999 an kwantar da 'yan Adam cikin mafarkin kwamfuta ana tatsar ƙarfin jikinsu, sai mutum ɗaya ya farka. Indiyawa ma sun shigo da nasu: a Kalki 2898 AD na 2024, wani tsoho mai iko da na'ura yana zaune a wani gini da ke rataye bisa birnin Kasi, ya tattare ruwa da abinci da iska mai kyau, talakawa na ƙasa suna haɗiyar yawu.

Ba sai an je silima ba kafin irin waɗannan su iso garuruwan kan iyaka na Kebbi irin su Ka'oje ko Tsamiya ko Illo. Ranar kasuwa, ka leƙa rumfar mai cajin waya: janareta na kuka a baya, allon katako cike da soket, kowace waya an manna mata lamba da salatif don kada a yi musaya. A gefe ga yaro da tsohuwar kwamfuta, saurayi ya miƙa masa memori ya ce a tura masa na faɗa, amma fassarar Hausa. Masu fassara irin su Algaita sun daɗe da koya wa jaruman Indiya baƙar magana da Hausar Kano. Da dare a taru mutum biyar a kan waya ɗaya, kuma kowa ya san dokar tun kafin a fara: akwai akta, akwai bos, kuma akta ba ya mutuwa.

Ba abin raini ba ne wannan sha'awa. Gaisuwar yatsu uku ta fim ɗin The Hunger Games ta fito daga allo ta hau titi a Tailan bayan juyin mulkin 2014, ta sake bayyana a Myanmar a 2021, har aka kama mutane a kanta. Labarin da ke gaya wa talaka cewa mai ƙarfi ma yana da makasa, yana da aikin yi a duniya. Damuwata da shi ita ce, idan aka ɗora shi a kan tarihin ƙasar da ake kallonsa, ba ya zama daidai.

Ka'oje tsohuwar ƙasar Bargu ce, har yau hakiminta Sarkin Bargu ake ce masa, ko da yake masarautar Gwandu take bi. Na'urar farko da ta yi wa Bargu illa takarda ce. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki don karɓar sa hannun sarki, a 1898 kuma aka zauna a Paris aka ja layi a taswira: Nikki ta faɗa wa Faransa, Busa da Illo suka faɗa wa Ingila. Mutanen da aka raba ba su ga taswirar ba, balle su nemi kafar da ke jikinta. Bindiga daga baya ta zo ta tabbatar da abin da alƙalami ya riga ya yanke.

Da ta zo kuwa, an gwada mata irin tawayen fim, an ga ƙarshensa. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo masu jiran Mahadi, suka auka wa rundunar Nasara da gatura da fartanyu da baka. Suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20, har bindigar Maxim ta faɗa hannunsu. Da fim ne, nan za a sa kiɗa a rubuta sunayen 'yan wasa. Amma a ranar 10 ga Maris wata rundunar ta dawo da wasu bindigogin, aka kashe mutum wajen 2,000, aka baje garin, aka haramta sake zama a wurin. Mun gaji karin maganar cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A Satiru sarkin yawa ya ci rana ɗaya, domin ƙarfin Nasara ba a cikin bindigar da aka ƙwace yake ba. Yana cikin wayar tangarahu da ta kai labari, da ma'aikatar da ke ƙera wata bindigar, da jirgin ruwan da zai kawo ta, da sarakunan da suka riga suka yi mubaya'a.

Bargu kanta ta ba da misali biyu a jere, kuma bambancinsu shi ne abin lura. A ɓangaren Faransa, Bio Gera ya tsaya ya yi gaba da gaba a 1916, aka kashe shi a watan Disamba. Yau mutum-mutuminsa na kan doki a Kwatano. A ɓangaren Ingila, a 1915, bayan Turawa sun tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, ɗan sarki Sabukki ya shiga garin da 'yan baka, suka kashe da dama daga cikin waɗanda aka ɗora musu, kafin soja su iso ya shige daji, bai kuma shiga hannu ba. Turawa suka yi ta kame-kame, a 1924 suka mayar da Kitoro Gani kan gadonsa. Wanda ya tsaya ya samu mutum-mutumi, wanda ya sulale ya samu kusan abin da ya nema. Ita kuwa tsohuwar Busa, abin da ya ci ta a ƙarshe ba soja ba ne: madatsar Kainji ce, wadda aka gama a 1968, ruwanta ya shanye garin, aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga gaɓar Kwara.

Cikin marubutan Amurka, Frank Herbert ne ya fi kusa da gane cewa nasarar akta ba ita ce ƙarshen labari ba. Littafinsa Dune na 1965, wanda aka sake mayarwa fim a 2021 da 2024, labarin mutanen hamada ne da daula ke haƙar arzikin ƙasarsu, suna jiran wanda suke kira Mahadi. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Herbert ya bar su suka yi nasara, sannan a littafi na biyu ya nuna kuɗin nasarar: yaƙin da aka yi da sunan zaɓaɓɓen ya ci rayuka biliyan 61, shi kansa ya zama sabon bos. Mai kallo a waya galibi bai kai nan ba, a hawan tsutsar rairayi ya tsaya.

Adabinmu na Hausa yana da rabi biyu na wannan nau'i, kowanne a ɗakinsa. Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, yana da tawayen: jarumi ya gwabza da Nasara, da abin ya fi ƙarfin takobi sai labarin ya kwashe shi zuwa ƙasashen aljannu, inda takobi ke da sauran daraja, ya dawo ya tarar Nasara sun zauna daram. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da aka taka wata, yana da kimiyyar: baƙo daga sararin sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi. Amma kimiyyar Dembo abin al'ajabi ce da neman sani, ba sandar duka ba. Masu rubutun zalunci tsagwaronsa, irin Sulaiman Ibrahim Katsina a Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango, ko Bala Abdullahi Funtuwa da ya mayar da littafin Orwell Gandun Dabbobi a 1975, azzalumansu da kuɗi da sarauta da 'yan sanda suke aiki. A zamaninsu haka abin yake.

Yanzu ba haka yake ba, kuma ɗan kan iyaka ya fi ɗan birni sani. Mulkin na'ura da ya taɓa gani ba ya zuwa da sojojin ƙarfe. Makunni ne a hannun wani da ba a gani, aikinsa kashewa. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki, a Nuwamba aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, manomin da ke ban-ruwa da inji ya koma hannun 'yan bumburutu. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, daga Afrilun 2022 aka fara toshe kiran waɗanda ba su yi ba. Tsohon makiyayi ya yi sammako zuwa wurin rajista, ya wuni a layi, ya ɗora yatsa a gilashi, na'ura ta ƙi karanta zanen da sanda da igiya suka goge. Wa zai yi wa tawaye? Sai ya zazzaga wa yaron da ke bayan tebur, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A Satumbar 2021 aka kashe sabis ɗin waya a Zamfara baki ɗaya. A farkon 2023 aka janye takardun naira, mai kuɗi a asusu ya kwana da yunwa. A Agustan shekarar, bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta katse wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Nijeriya yake zuwa. Ko wane ne ke da gaskiya a kowanne daga cikin waɗannan, siffar ikon ɗaya ce.

In kuma na'urar ta zo da kisa, daga sama take zuwa ba fuska. Amurka ta kashe dala miliyan 100 da ɗoriya ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, ta bar shi a Agustan 2024. A daren 3 ga Disamba, 2023, irin wannan jirgi na sojan Nijeriya ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aka binne aƙalla mutum 85. Soja suka ce kuskure ne. Fim ɗin tawaye bai san inda zai ajiye kuskure ba, shi mugun nufi ya sani.

Amsar da mutanen iyaka ke bayarwa kuwa ta Sabukki ce. Layi biyu a waya ɗaya, na Nijeriya da na Benin, in wannan ya ɗauke a hau tudu a kamo wancan. In naira ta ɓuya a yi ciniki da sefa, kamar yadda jaridu suka ba da labarin garuruwan iyaka a 2023. In an datse titi, babur ya san hanyar shanu, kwalekwale ya san mashigi. Hukuma na kiran wani sashe na wannan fasa-ƙwauri, kuma wani sashen fasa-ƙwaurin ne ba ko tantama. Babu akta a ciki, babu ranar nasara, sai dubban mutane da kowanne ya zame ta ɗan gefensa. A ganina nan ne labarin kimiyyar da ya dace da Hausa yake kwance, kuma ya fi wuyar rubutawa, don dole marubuci ya riƙe mai karatu ba tare da ya yi masa alkawarin fashewar wani abu a shafin ƙarshe ba.

Nnedi Okorafor ta matso kusa a littafinta Noor na 2021. Azzaluminta kamfani ne, Ultimate Corp, mai sayar wa kowa komai yana kuma kallon kowa, jarumanta kuma mace mai gaɓoɓin ƙarfe da wani Bafulatani makiyayi da aka yi wa tambarin ɗan ta'adda, hotunansu na yawo a wayoyi kafin a ji ta bakinsu. Wannan ɓangaren ta kama gaskiya, duk Bafulatanin da ya taɓa tsayawa a shingen bincike zai shaida. Amma da tura ta kai bango sai ta koma gidan jiya: matar ta wayi gari da ikon sarrafa na'urori da tunaninta, zaɓaɓɓiya ta sake bayyana. Arewar littafin ma hamada ce da guguwa, irin wadda ake hangowa daga nesa, babu fadamar shinkafa, babu kasuwar shanu, babu surukin da ke tsallaken iyaka.

Akwai kuma abin da marubucin Kebbi ba zai iya kauda kai daga gare shi ba, ko da na Amurka ya iya. A fim, duk wanda ya shiga daji da bindiga yana faɗa da hukuma shi ne na kirki. A nan, mutanen da ke daji da bindiga su ne ke karɓar shanu da sunan zakka. A Nuwambar 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, waɗanda suka bi sawun dabbobinsu da aka kora. Su ma masu dajin da waya suke aiki, da babur, da layin ƙetare lokacin da aka kashe na gida. Ƙauyen da aka katse wa sabis don a kama su shi ne kuma ya rasa hanyar kiran agaji ranar da suka zo.