Wa Ya Kada Shi? Magana a Kan Sharhin Kokowar Takobi a Tele

Ƴan uwa ɗalibai, ranar da muka zauna rabon aikin wannan ɗan littafi, na ce ni a kan kokowa zan yi rubutu, sai wani ya yi dariya ya ce me ya haɗa ɗalibin ilimin harshe da ƴan walki. To ga abin da ya haɗa mu.

Hutun ƙarshen shekara na je gida Gabi, ya kuwa dace da lokacin Takobi. Kowa ya san yadda garuruwanmu suke komawa a kwanakin nan. Da la'asar ta yi, sai a fito da tele ƙofar shago, a jona batir ɗin da fano ya cika tun safe, yara a ƙasa, manya a kan benci, masu babur a tsaye a baya. A cikin masu zama gaba akwai kawuna. Ya yi kokowa a ƙuruciyarsa, irin ta dandali bayan an gama kaka, har ƙauyukan wajen Madarunfa an san shi. Yanzu idonsa ya yi rauni, inuwa kawai yake gani a gilashin. Kunnensa ne idonsa.

Aka haɗa wani ɗan jaharmu ta Maraɗi da wani na wata jaha. Ba a jima ba namu ya tafi ƙasa. Wuri ya yi tsit. Mai sharhi ya ce ya faɗi, ya ƙara da cewa ƙafa ce ta zame masa, ya ce haka Allah ya so. Kawu ya juyo wajena ya ce: "Kai ɗan lakkol, ya hwaɗi, na jiya. Amma wa yak kada shi? Ko shi ɗai ya shiga hilin?"

Na faɗa masa sunan yaron. Ya ce: "Da mi yak kada shi?" Na ce: "Kawu, ƙafarsa ta hagu ya ɗauka, ya tura shi da kafaɗa." Ya gyaɗa kai ya ce: "To wagga ai ba zamewa ba ce. Aiki ne anka yi mishi."

Daga ranar na fara zama da kaye, na rubutu nake nufi, ba na fili ba, ina rubuta irin jimlolin da nake ji. Ba zan ambaci sunan mai sharhi ko tasha ba, don abin ba halin mutum ɗaya ba ne. Ana jin sa a tele, ana jin sa a rediyo, ana jin sa wajen masu watsawa kai tsaye a Facebook. Al'ada ce ta baki, kuma ni ma da aka ba ni makirfo, ƙila haka zan yi.

Inda son kai yake ɓuya

Mutane suna zaton son kai a sharhi shi ne a yi ihu in naka ya yi kaye. Wannan mai sauƙi ne, kowa na jin sa, kowa na iya yin dariya ya wuce. Wanda ya fi shi illa yana cikin nahawu.

Duba jimlolin nan uku: "Wane ya kada Wane." "An kada Wane." "Wane ya faɗi." Abu guda suke ba da labari, amma ba iri guda suke raba yabo ba. Ta farko tana da aikau da karɓau, ta nuna wanda ya yi aikin da wanda aka yi wa. Ta biyu ta yarda an yi aiki, amma ta lulluɓe mai yin sa da "an". Ta uku kuwa aikatau ne ƙi-karɓau: mutum ya faɗi kamar yadda mangwaro yake faɗowa daga itace, ba hannun kowa. Abin da na yi ta ji shi ne, in wanda ran mai sharhi ke so ya yi nasara, jimla ta farko ake ɗauko masa, har da amsa-kama: ya ɗaga shi cak, ya maka shi tim. In shi aka kayar, sai a koma ta uku, a nemo laifin rairayi, ko gumi, ko tsautsayi. Ba a yi ƙarya ko guda ba, amma an hana wani yaro haƙƙinsa a gaban ƙasa baki ɗaya.

Na biyu, wakilin suna. "Namu ya shigo." "Mun samu kaye biyu yau." Su wa ke nan "mu"? A ƙofar shagon Gabi, in na ce namu, ba laifi, ni ɗan kallo ne. Amma muryar da ke shiga Difa da Agadas da Tilaberi lokaci guda, in ta ce "namu", ta mai da jahohi bakwai baƙi a gidansu. Balle ma an san ƴan kokowa da yawa ba jahar haihuwarsu suke wa wasa ba. Wanda ake kira "nasu" a yau, wataƙila mahaifiyarsa tana zaune a ƙauyen da ke bayan namu, tana saurare.

Na uku, suna. Babban ɗan kokowa yana shigowa da sunansa, da laƙabinsa, da kirarinsa, da tarihin waɗanda ya kayar. Ƙaramin kuwa "abokin karawarsa" ne, ko "yaron Difa". Sai ya yi abin mamaki sannan ka ji ana shafa takarda ana neman sunansa. Alhali tsarin gasar ya sa ƙaramin nan shi ne abin tsoro. Jahohi 8 ne, kowace da ƴan kokowa 10, mutum 80 ke nan. Wanda ya sha kaye ya fita daga neman Takobi, amma yana ci gaba da yi wa jaharsa wasa, kuma yana iya kayar da wanda bai taɓa faɗuwa ba. Wato wanda ba shi da sauran abin da zai rasa, shi ne ke iya rushe burin babba cikin ƙiftawar ido. Mai sharhin da bai san sunansa ba, bai san wasan da yake sharhi a kai ba.

Maroƙi daban, mai sharhi daban

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a majalisar shayi: kokowa ba aji ba ce, ba wa'azi ba ce, in ka cire zuga ka kashe ta. Gaskiya ne, kuma ban ce a cire ba. Filin kokowa yana da masu wannan aiki tun fil azal. Akwai makaɗa, akwai maroƙa, akwai ƴan cali-cali masu kwaikwayon ƴan wasa suna ba mutane dariya. Ɗan kokowa da kansa yana tsayawa tsakiyar fili ya ɗaga hannu ya yi kirari. Maroƙi in ya fifita ubangidansa bai ci amanar kowa ba, kowa ya san abincinsa ke nan. Matsalar tana farawa ne sa'ad da mai sharhi ya ajiye nasa aiki ya ɗauki na maroƙi. Sai a samu maroƙa biyu, mai bayani kuwa babu.

Kuma akwai abin bayani da yawa. Me ya sa alƙalin wasa ya ba wancan gargaɗi? Wane ɓangaren jiki ne in ya taɓa ƙasa ake cewa an yi kaye, wane ne kuma ba a ƙirgawa? Me ya sa wannan ya sunkuya ƙasa ƙasa, wancan yake neman ƙugu? Wannan taɗiya ce ko harɗiya? Sau nawa muka ga rigima ta tashi a fili a kan ko gwiwa ta taɓa ko ba ta taɓa ba, aka maimaita hoton a hankali, mai sharhi kuwa yana can yana gaida wani Alhaji da ya ba da jika ɗari? Gaisuwa ba laifi ba ce, kyautar nan ita ke riƙe da ƴan wasa. Amma a yi ta tsakanin karawa da karawa. Lokacin da hannu ya kama ƙafa, na ƴan kallo ne.

Wani abu kuma da ya dame ni a matsayina na ɗalibin harshe: in ka saurari sharhin Faransanci, sau da yawa can ake jin bayanin doka da lissafin waɗanda suka rage ba su faɗi ba. In aka juyo Hausa, sai murya ta ɗaga, bayani ya ragu. Kamar an yanke cewa mai jin Faransanci bayani yake buƙata, mai jin Hausa kuwa hayaniya ta ishe shi. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Amma takarda ba ta ɗaga harshe ita kaɗai. Harshe yana samun daraja ne a wurin da aka ɗora masa aiki mai nauyi ya ɗauka. Ba wani lokaci a shekara da Hausar Nijar take samun kunnuwa da yawa kamar kwanakin Takobi. In a nan muka nuna cewa zuga kawai ta iya, mu muka raina ta, ba wani ba. Kalmomin kuwa suna nan, suna bakin tsofaffi irin kawuna. Ba wanda ya je ya karɓo su ne.

Darasi daga wani wasan da ba namu ba

Akwai wani wasa da Ingila ta yaɗa a ƙasashen da ta mallaka, kurket, wanda mutanen Indiya da Pakistan da Ostareliya suke so kamar yadda muke son kokowa. Babbar karawarsa tana kai kwana 5. Ni ban iya ƙa'idojinsa sosai ba, sharhinsa ne ya ja ni. Su ma suna da irin kukanmu: ƴan kallo suna zargin masu sharhi, waɗanda yawancinsu tsofaffin ƴan wasa ne, da fifita ƙasarsu. Amma suna da mutumin da suke auna kowa da shi, Richie Benaud, tsohon kyaftin ɗin Ostareliya, wanda ya rasu a 2015. Ya yi shekaru yana sharhi a tele ɗin Ingila, ƙasar da ita ce babbar abokiyar hamayyar ƙasarsa, kuma Turawan Ingila suka riƙe shi hannu biyu. Abu biyu aka san shi da su: yana guje wa kiran ƙungiyar ƙasarsa da "mu", kuma in ba shi da abin da zai ƙara a kan hoton, shiru yake yi.

Ban ce mu kwafi shirunsa ba. Kawu ba ya gani, shiru ba zai amfane shi ba, kuma dubban masu rediyo a gona da kasuwa haka suke. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a Takobi masu ji sun fi masu gani yawa. Abin ɗauka a wurin mutumin shi ne ya san kujerar da yake zaune a kai ba ta gidansu ba ce.

Me ya sa abin ya wuce wasa

An fara gasar nan a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, kuma wanda ya fara ɗaukar Takobi ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Filin Doso yana amsa sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Ana zagayawa da gasar jaha zuwa jaha don kowa ya karɓi baƙuncin kowa. Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauki Takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, yara a Gabi suna kwaikwayon tsayuwarsa a rairayin gulbi, ba su tambayi jaharsa ko yarensa ba. Abubuwa nawa muke da su a ƙasar nan masu irin wannan ƙarfi? Kaɗan ne. Shi ya sa muryar da ke kansa take da nauyi. In ta koya wa yaro cewa namu ana kayar da shi ne da tsautsayi ko da sharrin alƙali, nasu kuwa da gaskiya ake kayar da shi, yaron nan ba a fili zai bar darasin ba. Zai kai shi makaranta, zai kai shi wajen zaɓe.

Laifi tudu ne. Bari in faɗi nawa. Kwana biyu bayan maganar Kawu, wani ɗan Maraɗi ya yi kaye mai shakka, ni da idona na ga kamar hannunsa ya riga taɓa ƙasa. Mai sharhi ya wuce wurin bai ce komai ba, ya shiga yabo. Na tashi na yi tsalle da kowa. Kayen rubutuna yana kan cinyata, ban rubuta komai ba. Sai da dare na tuna. Son kan da ya zo ta gefenka daɗi gare shi, ba ka jin sa a matsayin son kai, ji kake yau dai an faɗi gaskiya. Masu sharhi suna yin abin da suke yi ne saboda muna tafa musu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A kira kowane ɗan kokowa da sunansa tun kafin a kama. In an yi kaye, a faɗi wanda ya yi da yadda ya yi, kowace jaha ce. A zaunar da tsohon ɗan kokowa ko tsohon alƙali kusa da mai sharhi, ya riƙa warware abin da ido bai kama ba. A bar "mu" ga ƴan kallo.

Mu kuma namu aikin yana jiranmu. Kowannenmu yana da tsoho a garinsu da ya san sunan kowane riƙo da kowane kaye. Hutu mai zuwa a je da waya a ɗauki muryarsu, mu haɗa ɗan ƙamus na kokowa, da Hausar Maraɗi, da ta Adar, da ta Damagaram, ƴan uwanmu masu jin Zabarmanci su kawo nasu. Kuɗin hotokofi kaɗai zai ci. Ni na fara da Kawu. Ya ba ni sunaye har na gaji da rubutu, sannan ya ce saura sai na kawo masa goro.