Layi Uku da Ranar 30 ga Fabrairu

Wani ɗalibi a Barnawa ya nuna mini 'yar manhajar da ya haɗa: ka ba ta ranar haihuwarka, ta gaya maka ko Ɗanladi ne kai ko Ɗanjuma. Layi uku kacal, dabarar Tomohiko Sakamoto ta farkon shekarun 1990.

Gaskiya akwai basira. Ana tara shekara, y, da y/4 − y/100 + y/400 (ana watsar da ragowa), da kwanan wata, da lambar watan daga jerin 0,3,2,5,0,3,5,1,4,6,2,4. A raba da 7, abin da ya saura shi ne ranar. 0 Lahadi ce. Janairu da Fabrairu kuwa ana jefa su shekarar baya, don 29 ga Fabrairu ta faɗo a ƙarshe. Na gwada 1 ga Oktoba 1960: 2442, saura 6, Asabar. Daidai.

Sai na ba ta 30 ga Fabrairu 2025. Ko gezau, ta ce Lahadi. Ranar da babu ita ta haifi Ɗanladi! Gajartawa ta cinye tantancewa. Na tambaye shi me ya sa lambar Afrilu 5 ce, ya yi shiru. Kuma rajistar makarantarsu yake son ɗorawa a kai.